Wata Tara a Hannun Shuyiman

Mai karatu, a ce kai manomi ne, talaka, kana da mata da ƙananan yara. Yaƙi ya ci ƙasarku, sojojin da suka mamaye ta kuwa ba sa wasa da duk wanda suka kama yana taimakon abokan gabarsu. Wata rana ka bi ta bakin kogi, sai ka tarar da baƙi biyu kwance cikin ciyawa, baƙaƙen fata daga wata duniya, raunukansu sun fara wari, ƙudaje na binsu. Ba ka jin yarensu, ba sa jin naka. Za ka tsaya, ko za ka kau da kai ka wuce gonarka? Riƙe amsarka tukuna, sai ka ji yadda baƙin suka zo wurin.

A shekarar 1925 aka haifi Isaac Fadoyebo a Emure-Ile, wani ƙauyen manoma kusa da Owo, cikin jihar Ondo ta yau. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Ya gama firamare yana son wucewa gaba, kuɗin sakandare bai samu ba. Abin da ya rage masa shi ne fartanya, ko koyar da ƙananan yara a makarantar ƙauye. Ana cikin haka masu ɗaukar soja suka iso yankinsu, suna shelar cewa Ingila na yaƙi da Hitila, duk wanda ya shiga zai samu kaki da abinci da sule ɗaya a rana. Isaac yana da shekara 16. Kai da ka taɓa zama ɗan shekara 16, aljihu wayam, gaba kuma a toshe, me za ka yi?

Ya ba da sunansa. A farkon 1942 ya zama soja, ba da son mahaifinsa ba. Da yake ya iya karatu da rubutu, sai aka koya masa aikin jinya: wanke rauni, ɗaure karaya, ɗaukar majiyyaci. Aka tura shi Saliyo, cikin wata ƙungiyar asibitin fagen fama mai lamba 29. Har zuwa lokacin yaƙi labari ne kawai a kunnensa. Bai san an riga an zaɓa masa wurin da zai gan shi ido da ido ba.

A 1943 Turawan Ingila suka harhaɗa Runduna ta 81 daga sojojin Najeriya da Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, da Saliyo da Gambiya. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizo namu wajen wayo. Aka loda su a jiragen ruwa, aka zagaya da su ta ƙasan Afirka har Bombai a Indiya, daga nan sai Bama, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, wadda Japanawa suka ƙwace daga hannun Ingila a 1942. Me ya sa aka zaɓi 'yan Afirka? Manyan hafsoshi a Landan sun ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne, don haka ba zai sha wahala a dajin Bama ba. Ka ji wauta! Da yawa daga cikin sojojin nan 'yan Arewa ne, mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, waɗanda sarakunansu suka taimaka wajen ɗauka, kuma tun da uwarsu ta haife su ba su taɓa shiga dajin da rana ba ta taɓa ƙasa ba. Dalili na biyu ya fi gaskiya: suna iya ɗaukar kaya a ka su bi inda mota da alfadari ba sa iya bi.

Haka suka shiga kwarin kogin Kaladan, a lardin Arakan. Babu hanya sai wadda suka sara da adda. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima. Da farko abin ya yi kyau, suna ta turawa kudu. A ƙarshen Fabrairun 1944 zuwa farkon Maris sai Japanawa suka zagayo ta gefe, suka yanke su, runduna ta fara ja da baya. Ƙungiyar su Isaac tana bin kogi a kan gorar da aka ɗaɗɗaure ake fito a kanta, kuma labarin abin da ke faruwa bai iso gare su a kan kari ba. Suka yada zango a gaɓa kusa da wani ƙauye, suka kwana lafiya. Wannan ne kwanan lafiya na ƙarshe ga da yawansu.

Safiyar 2 ga Maris 1944 wuta ta buɗe daga ɗaya gaɓar. Ka tuna, waɗannan masu jinya ne, aikinsu bandeji da magani. Kafin su gane daga ina harbin ke fitowa, gawarwaki sun cika wurin. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin ƙafar dama, wani ya same shi a gefen ciki. Ya yi yunƙurin tashi, ƙafa ta ƙi. Ya kwanta cikin jininsa yana da shekara 18.

A nan wani abu ya faru da bai kamata a tsallake ba. Akwai likitan soja a ƙungiyar, Kyaftin Richard Brown, mutumin Sikotilan. Harsashi bai taɓa shi ba, daji kuma ga shi nan kusa, yana iya faɗawa ciki ya tsira kamar yadda wasu suka yi. Sai ya rarrafo wurin yaron nan da ke kwance, yana duba rauninsa yana ba shi baki. A nan Japanawa suka same shi bayan sun ƙetaro. Suka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba har yau. Mulkin mallaka zalunci ne, ba na jayayya da wannan, amma mutumin nan ya tsaya a kan wanda aka damƙa masa har ya rasa ransa. Da kai ne, ga daji ga majiyyaci, ina za ka nufa?

Japanawan suka zo kan Isaac. An san su da ƙarasa masu rauni da wuƙar bakin bindiga, shi ma abin da yake jira ke nan. Suka dube shi, suka dubi ƙafar, suka wuce. A ganinsu wannan ya riga ya gama, ba sai an wahala ba. Lissafinsu bai yi kuskure ba in da a ce lissafi ke kashe mutum. Amma Isaac yana da sauran shan ruwa.

Ba shi kaɗai ya rage ba. Akwai wani saje ɗan Saliyo, David Kargbo, wanda aka harbe a ƙafafu. Sauran masu rauni suka riƙa mutuwa a gabansu, masu ƙafa kuma suka kama hanyar neman runduna. Aka bar mutum biyu da ba sa iya tafiya, a bayan layin abokan gaba, babu magani, babu abinci, babu wanda ya san suna raye. A takardun soja an sa su cikin waɗanda suka ɓace. A Emure-Ile kuwa labari ya isa gida, aka yi kuka, aka fid da rai.

Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, daga al'ummar da duniya ta sani yau da Rohingya. Halin da suke ciki shi ma abin tsoro ne. Tun 1942 jini ya zuba tsakaninsu da maƙwabtansu mabiya addinin Buda: Musulmi sun karkata ga Ingila, 'yan Buda da yawa sun karkata ga Japan, aka ƙona ƙauyuka ta kowane ɓangare. Don haka duk Musulmin da ke kwarin nan ana kallonsa da ido ɗaya. Duk da haka wasu suka riƙa saɗaɗowa da 'yar shinkafa da ruwa, su ajiye su koma da sauri.

David ya girmi Isaac, ya kuma fi shi sanin duniya. Ya taso cikin Musulmi a arewacin Saliyo, ya iya wasu addu'o'i. Da ya lura da irin mutanen da rayuwarsu ke hannunsu, sai ya kawo dabara: su ce su Musulmi ne. Ya zama Dauda Ali, Isaac ya zama Sulemanu. Kiristoci ne su biyun. Mai karatu, kada ka yi saurin yanke musu hukunci. Kana kwance, tsutsa na cin naman ƙafarka, tsakaninka da mutuwa loma ɗaya ce daga hannun baƙo, da wane suna za ka amsa?

Sai damina ta sauka. Wanda bai san daminar Arakan ba zai ɗauka irin tamu ce. Wuri ne da ke cikin mafi yawan ruwan sama a duniya, ana kwana ana wuni sama ba ta ɗauke ba, tun daga Mayu har Oktoba. 'Yar rumfar da aka kafa musu tana yoyo, ƙasa ta zama taɓo, sauro da matsattsaku suka samu abinci. Kakinsu ya ruɓe a jikinsu. Gashi ya cukurkuɗe, ƙwarƙwata ta yi gida. Isaac da aka koya wa wanke raunin wasu yana kallon nasa yana zubar da ruwa, babu ko tsumma mai tsabta da zai ɗaure shi. Masu kawo abinci kuma suka fara raguwa. Wa zai zarge su? Su ma yunwa suke ji, ga sintirin Japanawa ba ya yankewa.

A nan ne wani daga cikinsu mai suna Shuyiman ya fito daban. Manomi ne, ba mai sarauta ba, ba mai dukiya ba. Yayin da wasu suka gaji, shi bai gaji ba. Yana zuwa da abinci, yana kawo maganin gargajiya na ganye yana shafa musu, yana sauya musu maɓoya in ya ji ƙishin-ƙishin sojoji na tafe. Daga baya ya yi abin da ya fi duka hatsari: ya kwashe su ya kai su gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Yanzu sai ka fito da amsar nan da na ce ka riƙe. Ajiye wa baƙo ƙwaryar shinkafa a daji abu ne da mai tausayi zai iya yi sau ɗaya ko sau goma. Shigo da shi ɗakinka kuwa, alhali maƙwabci ɗaya mai dogon baki ya isa ya jawo a kashe ku gaba ɗaya, wannan wani mataki ne daban.

Wani zai ce ai don sun ce su Musulmi ne. Na yarda sunan ya buɗe ƙofa. Amma Musulmi nawa ne a yankin, kuma nawa ne suka kai baƙin nan ɗakinsu? Mutum ɗaya. Sannan ka duba abin da Shuyiman bai sani ba. Bai san ko Ingila za ta dawo ba. A watannin nan Japanawa ne ke kai farmaki cikin Indiya kanta, suna kewaye da Imphal da Kohima. Mai neman lada a wurin Turawa zai yi taimakon mako biyu, in ya ga shiru ya janye. Shi kuwa wata ya bi wata, yana ciyar da ƙarti biyu da ba sa iya ɗaga masa ko tsinke, daga rumbun da bai ishi iyalinsa ba. Ni dai a wurina, wannan imani ne da ya sauko daga baki ya shiga hannu.

Rayuwa a ɓoye tana da nata azabar. In an ji motsin baƙi, sai a yi maza a rufe su, su ɗauke numfashi har a wuce. In an samu sarari, sai su zauna da iyalin gidan, suna tsintar kalmomin yarensu ɗaya-ɗaya, yara na wasa kusa da su. Sannu a hankali raunin David ya warke har yana takawa. Ƙashin Isaac ya haɗe da kansa, a karkace. Da jirgin sama ya wuce sai su ɗaga kai. Na wa ne? Zuwa yake ko gudu?

A Disambar 1944 amsar ta zo. Japanawa sun sha kashi a Imphal da Kohima, Runduna ta 81 ta sake gangarowa kwarin Kaladan, sojojin ɓangaren Ingila suka iso yankin. Aka fito musu da mutum biyu da aka daɗe da cire rai da su, ƙashi da fata. Wata tara cif tun ranar harbin. Cikin hanzarin soja aka ɗauke su, daga nan sai asibiti a Indiya. A cikin wannan rububin Isaac bai samu ya zauna ya yi wa Shuyiman godiyar da ta dace ba. Ya ɗauka abu ne da za a gyara wata rana. Wace rana?

Likitoci suka yi aiki a ƙafar, ta tsira, amma ta gajarce, ya riƙa ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. A 1945 jirgin ruwa ya kamo hanyar gida. David ya sauka a Saliyo, kuma mutanen nan biyu da suka raba loma da tsoro wata tara ba su sake haɗuwa ba. Da Isaac ya isa Emure-Ile sai mutane suka ja da baya. Ba wannan ne aka yi wa makoki ba? Suka ɗebi ƙasa suna watsa masa, domin a al'adarsu fatalwa ɓacewa take in ƙura ta taɓa ta. Ƙura ta sauka a jikinsa, yana nan tsaye. Sai gari ya ɓarke da ihu.

Daga nan rayuwarsa ta zama irin ta kowa. Da wannan ƙafar noma ya gagara, sai ya nufi Legas, ya samu aikin gwamnati, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi ritaya. Najeriya ta samu 'yanci, ta yi yaƙin basasarta, ta manta da waɗanda suka je Bama. 'Yan Afirka kimanin 100,000 ne suka yi wannan yaƙin, amma sau nawa ka ji an ambace su a makaranta? Mutumin Kaduna yana wuce barikin Dalet da na Kalapanzin kullum, mutumin Legas yana wuce Dodan da Arakan da Myohaung, kaɗan ne suka san sunayen wurare ne a Bama inda kakanninsu suka zubar da jini.

Isaac bai yarda nasa labarin ya bi ruwa ba. Ya zauna ya rubuta shi, rubutun ya kai hannun wani masanin tarihi na Ingila, David Killingray, aka buga shi ɗan ƙaramin littafi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1999. Bai yi kasuwa ba. Kwafi ɗaya ya kwanta a laburaren gidan tarihin yaƙi na Landan, har wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Najeriya, ya ci karo da shi. Ya karanta, ya tambayi kansa ko marubucin na raye. Ya bi sawu har Legas. Sai ga tsoho ya haura 80, hankalinsa garau, yana tuna komai. Abu ɗaya ke cin ransa, godiyar nan da bai yi ba.

Tsufa ya hana shi tafiya, sai ya rubuta wasiƙa. A 2011 Phillips ya ɗauke ta, da hotunan Isaac, ya shiga Miyanma a lokacin da gwamnatin ƙasar ba ta maraba da 'yan jarida. Ka yi tunanin aikin: neman iyalin manomi ɗaya, da sunansa kawai, bayan shekara 67, a yankin da yaƙi da gudun hijira suka yamutsa. Ko za su tuna? Ko ma suna nan? Mai hankali zai ce ɓata lokaci ne.

Ya hau jirgin ruwa ya bi kogi, yana tambaya ƙauye-ƙauye, har aka nuna masa gidan. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa da jikokinsa suna nan. Ba su manta ba. Labarin baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye ya zama gadon gidan, ana ba yara shi, kuma su ma duk shekarun nan suna tambayar kansu ko mutanen sun isa gida. Aka karanta musu wasiƙar, aka miƙa musu hoton tsohon da suka sani yana saurayi kwance ba ya iya tashi. Suka fashe da kuka. Duk wanda ya kalli shirin da tashar Aljazira ta nuna a kan wannan tafiya ya ga hawayen da idonsa.

Phillips ya koma Legas ya nuna wa Isaac fuskokinsu, ya gaya masa saƙo ya isa. Tsohon ya yi murna irin ta wanda aka sauke wa kayan da ya ɗauka tun yana saurayi. David Kargbo bai ga wannan rana ba, ya riga su tafiya da shekaru masu yawa.

Saura kaɗan da wasiƙar ta makara. A watan Yunin 2012 rikici ya sake ɓarkewa a Arakan, wadda yanzu ake kira Rakhine, aka ƙona unguwannin Musulmi, aka tura dubbai sansanoni. A watan Nuwamba na shekarar Isaac ya kwanta ciwo, ya rasu a ƙasarsa, cikin danginsa, saura wata guda ya cika shekara 87. Mutumin da Japanawa suka ga bai cancanci a ɓata masa harsashi na uku ba ya ƙara shekara 68 a duniya. Bai kai ga ganin 2017 ba, shekarar da sojojin Miyanma suka kori Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash, al'ummar da ɗaya daga cikinta ya buɗe ɗakinsa ga ɗan Najeriya a ranar da ba shi da kowa.

Labarin Isaac ya iso gare mu ne don ya iya rubutu. Dubban 'yan Arewa da suka hau jirgi ɗaya da shi, suka sara daji ɗaya, sun dawo ƙauyukansu sun kama fartanya, ciwo ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, labarinsu kuma yana bakin 'ya'yansu da su ma yanzu sun tsufa. Mai karatu, in akwai gidan tsohon sojan Bama a garinku, je ka gaishe da dattijon gidan, ka tambaye shi abin da babansa ya faɗa masa, ka rubuta tun yana da bakin faɗa.